Daidaita firinta don hoton baƙi da fari a kan takarda iri uku

Firinta ba ta ganin takardar da aka saka mata. Adadin tawadar da manhaja ta ce ta fesa shi take fesawa, ko takardar ta shanye ko ta bar shi kwance a sama. Wannan ne dalilin da hoto ɗaya zai fito da kyau a takarda mai sheƙi, a buga shi a takardar auduga ya fito kamar an shafa masa toka, inuwoyi sun cushe wuri guda, fuska ta dusashe. A hoto mai launi ido yakan yi afuwa, don launi yana ɗauke hankali. Baƙi da fari ba shi da wannan rufin asiri: in ruwan toka ya karkata zuwa kore ko ja ko da kaɗan ne, ko matakan duhu biyu suka haɗe, nan take ake gani.

Aikin da zan bayyana na yi shi ne a kan Epson SureColor P800, mai faɗin inci 17, da takarda iri uku. Ta farko Hahnemühle Photo Rag mai nauyin giram 308 a kowace murabba'in mita, auduga zalla, marar sheƙi. Ta biyu, wadda zan riƙa kira baraita, Canson Infinity Baryta Photographique mai giram 310, wadda aka shimfiɗa mata sinadarin bariyom salfet irin na takardun ɗakin wanke hoto na da, shi ya sa take da ɗan sheƙi mai laushi. Ta uku takardar kozo ta kamfanin Awagami na Japan, siririya, wadda ake yi da ɓawon wata bishiya. Na'urar awo kuwa i1Pro 2 ce ta X-Rite. Wanda yake da ColorMunki ko i1Studio ma zai iya, abin da ake bukata kawai na'urar da za ta ba da lambobin L*, a* da b*. L* shi ne haske, daga 0 baƙi ƙirin zuwa 100 fari fat. a* yana nuna karkata zuwa ja ko kore, b* kuma zuwa rawaya ko shuɗi.

Kafin komai sai gwajin ƙofofin feshi. Kowane layin tawada a wannan firinta yana da ƙofofi 180, kuma in uku ko huɗu suka toshe a layin toka mai haske, ido ba lallai ya kama a hoto ba, amma na'urar awo za ta kama, ta ba ka lambar ƙarya, ka gina gyara a kanta. Ranar da ƙofofin suka buɗe sai gyaran ya zama ɓarna. Ina buga gwajin kafin kowace takardar awo, ba sau ɗaya da safe ba. A lokacin hunturu abin ya fi tsanani, domin danshin iska a arewa yakan sauka ƙasa da kashi 20, alhali irin waɗannan firintoci sun fi jin daɗin kashi 40 zuwa 60. Tawada tana bushewa a bakin ƙofa, takarda mai kauri tana lanƙwashewa. Na'urar ƙara danshi a ɗaki, da rufe firinta da mayafi in ba a aiki, sun fi yawan wanke kan firinta, wato ɓangaren da ke fesa tawada, araha, don kowane wanki tawada yake sha. Haka kuma a haɗa firintar da batirin ko-ta-kwana. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, kan firinta yakan tsaya a fili bai koma mazauninsa ya rufu ba, kuma a nan ne toshewa take farawa.

Sai zaɓen baƙar tawada. Akwai iri biyu, Photo Black na takarda mai sheƙi da Matte Black na marar sheƙi. Na farko an lulluɓe ƙwayoyinsa da wani irin ƙaro don ya manne a santsi ya yi ƙyalli. In aka fesa shi a auduga sai ya nutse, baƙin ya koma toka-toka. Na biyu yana zama a saman takarda, shi ya sa yake ba da duhu a auduga, amma a kan baraita yatsa ma yana goge shi. A P800 su biyun layi ɗaya suke bi zuwa kai, don haka sauyawa tana cin tawada, ƙasa da mililita 2 in za a koma na marar sheƙi, kusan 5 in za a dawo na mai sheƙi. Saboda haka na haɗa auduga da kozo a zama ɗaya, na bar baraita sai da na gama da su. P700 da P900 da suka fito a 2020 sun ba kowane baƙi layinsa, ba su da wannan matsala.

Nau'in takarda da ake zaɓa a direban firinta, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa firinta da ita, mutane da yawa suna ɗaukarsa suna ne kawai. A'a, shi ne yake yanke yawan tawada, da nisan kai daga takarda, da yadda ake jan takardar. Ga auduga na zaɓi Velvet Fine Art Paper, ga baraita Premium Luster. Kaurin Photo Rag 308 ya kai kusan rabin milimita, don haka na sa kauri a 5, na buɗe tazarar kai zuwa Wide, na shigar da takardar ta ƙofar gaba ta takardu masu kauri. In ba a buɗe tazarar ba, gefen takarda da ya ɗan ɗago zai goga kai, a ga baƙin zane a kusurwa, wani lokacin har ƙofofin feshi su ji rauni. Na kashe bugu mai sauri, wato wanda kai yake fesawa a tafiya da dawowa, na tsaya a ɗigo 1440 a kowane inci ga auduga, 2880 ga baraita. Duk abin da aka zaɓa a nan dole ya zauna haka har abada ga wannan takarda, domin in ka auna a 1440 ka buga a 2880, awon bai shafi bugun ba.

Takardar auduga tana da wata ɗabi'a: ƙura da ɓurɓushin zare suna kwanciya a kanta, tawada ta hau kansu, bayan kwana biyu su faɗi su bar fararen ɗigo a tsakiyar baƙi. Burushi mai laushi kafin a saka ta, shi ke nan.

Abin awon kansa tsani ne mai matakai 21, daga fari zuwa baƙi, kowane mataki ya fi na bayansa duhu da kashi 5. Sharaɗinsa ɗaya: ya isa firinta ba tare da wata manhaja ta taɓa lambobinsa ba. Tun daga Photoshop CS5 aka cire zaɓin bugu ba tare da sarrafa launi ba, don haka a kan Mac ina amfani da Print-Tool, a Windows kuma da Adobe Color Printer Utility ko QTRgui. Alamar cewa an taɓa tsanin a ɓoye ita ce matakin tsakiya ya kauce da yawa ba dalili, ko lambobin su canza in ka buga daga wata manhajar daban. In haka ta faru, kada a ci gaba, a nemo inda ake yin juyin tukuna.

Na fara da hanya mai sauƙi, wato tsarin Advanced Black and White da ke cikin direban Epson. Yana gina hoto da baƙaƙe uku, baƙi da toka mai duhu da toka mai haske, ya ɗan yayyafa launi don daidaita karkata. Yana da matakan duhu biyar, daga Light zuwa Darkest, kuma a kan Darker yake zuwa. Na buga tsanin sau biyar a takarda ɗaya, kowanne da matakinsa, na rubuta suna da fensir a gefen kowanne tun kafin in manta. Sannan na ajiye takardar a buɗe, ba a jibge ba, har awa 24. Wannan jira ba al'ada ba ce kawai. Tawada tana ɗauke da ruwa da sinadaran da ke hana ta bushewa a cikin kai, kuma har sai sun fita duhu da launi suna motsi. Awon da aka yi bayan minti goma yakan bambanta da na gobe, musamman a matakan duhu, wato daidai inda aikin yake.

Lissafin da ake yi da lambobin ba shi da wuya. A ce farin takardar auduga ya ba da L* 96, baƙin ƙarshe ya ba da 16. Tazara 80 ke nan, a raba ta gida 20, kowane mataki ya kamata ya sauka da 4: 96, 92, 88, har matakin tsakiya ya faɗa a 56. A baraita, in fari 96 ne baƙi kuma 6, kowane mataki 4.5 ne, tsakiya 51. Daga nan ma an ga dalilin da gyaran takarda ɗaya ba zai yi wa ɗaya aiki ba: tsaninsu ba tsawo ɗaya ba ne. Masu lissafi da ma'aunin duhu (density) na ɗakin wanke hoto za su ce L* 16 kusan 1.7 ne, L* 5 kuma ya haura 2.2. Auduga ba za ta taɓa kamo baraita a wannan ba, domin fuskarta mai gashi-gashi tana watsa haske ta ko'ina, wani ya dawo ido ko daga wuri mafi duhu. Neman baƙin baraita a kan auduga ta hanyar ƙara tawada shi ne kuskuren da ya fi cin takarda.

Inda nake fara dubawa a jerin lambobi shi ne matakai huɗu na ƙarshe, 85 da 90 da 95 da 100. In tazarar da ke tsakaninsu ta koma 1 ko ƙasa, inuwa ta cushe, duk abin da ke cikin hoto a wannan yanki zai zama baƙin faci ɗaya. Ga masu buga hoton mutanenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baƙar fata a hoton baƙi da fari a ɓangaren duhu na tsanin take zama, gashi da inuwar hula kuma a can ƙarshe. Farar shadda mai aiki tana ɗaya gefen, tsakanin matakin 0 da na 10 a tsanin, inda in tawada ta yi ƙaranci zaren aikin zai ɓace cikin farin takarda. Hoton dattijo cikin farar babbar riga a rana yana gwada firinta fiye da kowane hoton gwaji da ke zuwa da manhaja, shi nake bugawa a ƙarshen kowane zagaye.

A tsarin Epson ɗin, matakin Dark ya fi Darker buɗe inuwa, kuma a auduga shi na ɗauka. Amma matakai biyar kawai gare ka, ba ka da iko a kan kowace tawada ita kaɗai. In na'urar awo ta nuna tsanin ya lanƙwashe a tsakiya, iyakar abin da za ka yi shi ne ka gyara fayil ɗin kafin bugu. Ga baraita wannan tsarin ya ishi mafi yawan mutane, gaskiya. Ga auduga da kozo na koma QuadToneRIP.

QuadToneRIP manhaja ce da Roy Harrington ya rubuta, tana tsallake direban Epson ta yi magana da kowane layin tawada kai tsaye. Firintocin Epson take yi wa aiki, masu Canon sai su tsaya a tsarin baƙi da fari na direbansu haɗe da furofayil, wato fayil ɗin da ke faɗa wa kwamfuta yadda firinta take fitar da haske da duhu a kan wata takarda. Matakin farko a cikinta shi ne gano iyakar tawada. Akwai shafin gwaji da ke buga kowace tawada ita kaɗai daga kashi 5 zuwa 100. Na buga shi a cikakken ƙarfi, na bar shi ya bushe, na bi layin baƙi ina aunawa. Abin da ake nema shi ne wurin da ƙarin tawada ya daina ƙara duhu. A ce 55 ya ba da 17.1, 60 ya ba da 16.6, 65 ya ba da 16.5, 70 kuma ya koma 16.8. Iyaka 60 ce. Daga nan sama shimfiɗar da ke kan takarda ta ƙoshi, tawada tana taruwa tana yin dabbare-dabbare, tana ja da ƙwayoyin baƙin zuwa cikin zare, har duhun ya fara komawa baya. Da ido ma ana gani in an karkata takardar a haske, ko a duba lambobin da aka rubuta da fari a cikin faci: in gefensu ya fara cinyewa, tawada tana malala.

Ina ganin gara a tsaya ƙasa da kololuwa kaɗan. Rabin maki na L* a baƙin ƙarshe ba wanda zai gani a bango, amma cushewar inuwa kowa zai gani. In ana son ɗan ƙarin duhu a matakin ƙarshe kaɗai, akwai layin BOOST_K a fayil ɗin saiti, wanda yake ƙara baƙi a can ƙarshen tsani ba tare da ya jiƙa sauran ba.

Mataki na biyu shi ne sanin inda kowace toka za ta miƙa wa ta gaba. Na sake buga shafin gwajin, wannan karon da iyakar 60. Na auna facin ƙarshe na toka mai duhu, na nemi facin da ya yi daidai da shi a layin baƙi. In ya faɗa tsakanin 30 da 35, kusa da na biyu, sai a rubuta 33. Haka toka mai haske: a auna facinta na ƙarshe, a nemo takwaransa a layin toka mai duhu, a ce 30, sai a ninka, kashi 30 na 33 ya ba da kusan 10. Waɗannan lambobi ne manhajar take amfani da su ta tsara cewa toka mai haske ce za ta ɗauki wuraren haske, mai duhu ta karɓa a tsakiya, baƙi ya shigo a ƙarshe. In an yi kuskure a nan, tsani zai nuna tudu ko rami a wurin miƙa hannun, kuma a hoto za a ga sararin sama ya yi layi-layi maimakon ya narke a hankali. In baƙi ya shigo da wuri kuma, ana ganin ɗigo-ɗigo a kumatu da goshi, domin ɗigon baƙi a kan fari ya fi ɗigon toka fitowa.

Daga nan manhajar ta haɗa fayil ɗin rabon tawada, wanda yake ɗauke da lambobi 256 ga kowane layi. Da shi na buga tsani mai matakai 21, na jira kwana ɗaya, na auna. Kowane faci sau uku nake aunawa a wurare daban in ɗauki matsakaici, don takardar auduga ba ta da fuska ɗaya, kuma ina shimfiɗa fararen takardu biyu ko uku irinta a ƙasa don launin tebur kada ya ratso. Lambobin 21 na jera su a layin LINEARIZE, na sake haɗa fayil. Manhajar tana lissafa gyaran da zai miƙar da tsanin, kowane mataki ya sauka daidai da ɗan'uwansa.

Abu biyu ne suke kawo cikas a wannan wuri. Na farko, manhajar takan ƙi karɓar lambobin in ba su sauka a jere ba, misali 95 ya fi 100 duhu. Wasu sukan gyara lambar da hannu don ta wuce. Wannan rufe ido ne, domin abin da take faɗa maka shi ne tawada ta yi yawa a ƙarshe, a koma a rage iyaka. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Bayan an miƙar da tsani an sake bugawa don tabbatarwa, in aka ga saura kaɗan, kada a ɗauki sababbin lambobin a maye gurbin tsofaffin. Layin yana jiran awon da aka yi kafin gyara ne. In ka ba shi awon bayan gyara, zai ɗauka firintar a miƙe take tun asali, ya zubar da gyaran farko, ka koma inda ka fito. Ni in kowane mataki bai kauce fiye da maki ɗaya daga inda ya kamata ba, na bar shi. In ya wuce haka, na goge layin, na sake bugawa daga tushe, na sake aunawa da kyau.

Sai launi. Tawadar baƙi da toka daga gawayi ake yinta, kuma gawayi a kan takarda ba ruwan toka tsantsa yake bayarwa ba, yana karkata zuwa ƙasa-ƙasa. Da baƙaƙen uku kaɗai b* yakan hau sama sosai a tsakiyar tsani. Wasu haka suke so, kuma shi ne bugun da ya fi daɗewa bai kode ba. Wanda yake son tsaka-tsaki sai ya ƙara tawadar shuɗi mai haske (light cyan) da ta ja mai haske (light magenta) kaɗan-kaɗan. Shuɗin shi kaɗai yana ja zuwa kore, jan shi kaɗai zuwa ruwan hoda, don haka tare ake ɗaga su ana kallon a*. Na haɗa fayil biyu ga kowace takarda, mai ɗumi da mai sanyi, na miƙar da kowanne daban, domin manhajar tana ba da damar gauraya su lokacin bugu, har a ba wuraren haske nasu kaso, inuwa nata.

Abin da na koya a nan shi ne kada a kori sifili. In farin takarda da kansa yana da b* 3, wato ɗan ruwan madara, ka tilasta wa matakin kashi 10 ya zama sifili, ido zai gan shi shuɗi, don da farin takardar yake gwada shi. Abin da ya fi shi ne launin ya taso daga na takarda ya gangara a hankali zuwa na baƙi, ba tsalle. Tsallen a* daga ƙari zuwa ragi a tsakiyar tsani shi ne yake sa goshi ya yi ja-ja, wuya ya yi kore-kore a hoto ɗaya. Takardun da aka sa wa sinadarin ƙara fari kuma suna da nasu rikicin. Sinadarin yana shan hasken da ido ba ya gani ya mayar da shi shuɗi, shi ya sa b* ɗinsu yake sauka ƙasa da sifili, kuma suna canza kama daga hasken rana zuwa na ƙwan ɗaki. i1Pro 2 tana iya aunawa da wannan haske ko ba shi, ColorMunki kuwa ba shi take aunawa. Ko wanne aka zaɓa, a tsaya a kansa ga dukan takardun.

Baraita ta zo da sauƙi a lissafi, amma tana da abin da na'urar awo ba ta gani. In aka karkata bugun a haske, wuraren da tawada ta yi yawa sukan yi ƙyallin tagulla, wuraren da babu tawada sam kuma sheƙinsu ya bambanta da na kewaye, farin gajimare ya zama kamar rami. Rage iyakar toka mai duhu yana rage na farkon. Na biyun kuwa maganinsa a hana fari kaiwa 255 a fayil, a tsayar da shi wajen 250 don ɗan feshi ya rufe wurin. A direban Epson zaɓin Highlight Point Shift wannan aikin yake yi. Firintocin Canon irin PRO-1000 suna da tawada marar launi da ake shimfiɗawa a sama saboda wannan matsala. Kuma baraita tana da saurin karcewa, don haka a bar ta ta kwana kafin a ɗora mata komai.

Tsani ya miƙe ba yana nufin bugu zai yi kama da allon kwamfuta ba. Fayil ɗin da aka gyara a Gray Gamma 2.2, wato tsarin ruwan toka da manhajar gyaran hoto ke amfani da shi, yana da nasa rabon duhu, wanda ba daidai yake da miƙaƙƙen L* ba, musamman a inuwa, kuma baƙinsa sifili ne alhali na auduga 16 ne. Abin da ke haɗa su shi ne furofayil. Na ɗauki awon tsanin ƙarshe, wanda aka riga aka miƙar, na ba ƙaramar manhajar QTR-Create-ICC, ta fitar da furofayil na ruwan toka ga wannan takarda. Da shi nake duba hoto a allo kafin bugu, da shi kuma nake juya fayil. Irin wannan furofayil ana iya yi wa tsarin Epson ma, in an auna tsanin da aka buga da shi.

In bayan duk wannan bugu ya fito da duhu fiye da allo, kafin a zargi firinta a duba allon. Yawancinsu suna zuwa da haske fiye da kima. Na sauke nawa zuwa tsakanin kandela 80 da 120 a ma'aunin hasken allo, gwargwadon hasken ɗaki. Bugun kuma a duba shi a fitila mai kelbin 5000, wato mai farin haske kusa da na rana, sannan a kai shi inda za a rataye shi a sake dubawa, domin hoton da inuwarsa ta buɗe a ƙarƙashin fitilar aiki yana iya rufewa a falo mai labule. Ga bugun da zai zauna a wuri mai ƙarancin haske nakan ɗaga matakan 70 zuwa 90 kaɗan a fayil, ba a saitin firinta ba. Saitin a bar shi a miƙe, gyaran ɗanɗano ya zauna a hoto.

Kozo ce ta ƙarshe kuma ita ta fi cin haƙuri. Iyakar tawadarta ta sauka ƙasa da ta auduga, don ba ta da kaurin da za ta riƙe ruwa, in ya yi yawa sai ta yi kumburi-kumburi ta taɓa kai, ko tawada ta ratsa bayanta. Na ƙara lokacin jira tsakanin kowace wucewar kai. Tun da haske yana ratsa ta, abin da ke ƙarƙashinta lokacin awo yana shiga lamba sosai, saboda haka na auna ta a kan irin allon da za a manna ta a kai. Baƙinta bai kai na auduga ba, tsaninta gajere ne, don haka matakai 21 suna matse da juna kuma ƙaramin kuskuren awo yana zama babba. A nan na koma tsani mai matakai 51, na auna kowane faci sau biyar, saboda zaren da ke kwance a fuskar takardar yana iya faɗowa daidai bakin na'ura ya ɗaga lamba.

A bayan kowace takardar awo na rubuta kwanan wata, sunan takarda da lambar kwalinta, irin baƙi, 1440 ko 2880, iyakar tawada, da danshin ɗaki a ranar. In an buɗe sabon kwalin takarda, ko an canza kan firinta, ko damina ta shigo bayan an yi awo da hunturu, tsani ɗaya nake bugawa a gefen ragowar takarda in gwada da tsohon. In matakin 50 da na 90 suna cikin maki ɗaya da na baya, ina ci gaba da bugu. In sun wuce, daga layin miƙarwa nake sakewa, iyakar tawada ba kasafai take bukatar taɓawa ba sai in shimfiɗar takardar ce aka canza.